Kwana Uku a Fadamar Haɗeja Ba Mota a Bayanmu

Juma'a: Haɗeja zuwa Baturiya

Ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, na tura kekena zuwa ƙofar gidan taubashina Modu. Ɗan gwaggona ne, ubansa Babarbare, kuma tun muna yara ba mu taɓa zama wuri ɗaya mun tashi ba a tsokani wani ba. Shekara talatin yana ɗauko bandar kifi a keke daga ƙauyukan fadama zuwa kasuwar Haɗeja. Wata goma sha huɗu da suka wuce wata babbar mota ta taho ta bayansa a kan kwalta ta watsar da shi da kifin. Ƙafa ta karye, ta ɗoru, ta warke sarai, amma bai sake ɗora ta a kan feda ba. Da ya ji ƙugin inji a bayansa sai jikinsa ya ɗauki ɓari.

Ranar Talata ya gaya mini cewa ran Lahadi zai kai keken kasuwa ya sayar. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ranar da keken nan ya bar gidan, Modu ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ke nan har abada. Na ce ya ba ni kwana uku. Zan zagaya da shi fadama ta hanyoyin ƙasa, mu dawo ran Lahadin, ba tare da mota ko ɗaya ta wuce mu ta baya ba. In bayan haka yana nan a kan bakansa, ni da kaina zan nemo masa mai saye.

"Haladu, kai da ka san hanyar makaranta da ta gidan surukai kaɗai?" in ji shi. Amma ya yarda.

Matarsa Ya Falmata ta miƙo mana ƙullin ƙosai daga zaure. Ta ce da ni a hankali, "Malam, da can in ya kawo kwanar lungun nan sau biyu yake kaɗa ƙararrawa, sai in ɗora ruwan wanka. Na gaji da shirun nan." Na karɓi ƙosan.

Tura kekunan muka yi ta lunguna har bayan gari, muka hau jinga, wato tudun ƙasar da aka yi don tare ambaliya. A nan Modu ya tsaya ya daɗe yana duban sirdi. Ni kuwa na shiga ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da na ɗago, ga shi can gaba yana tafe yana karkata kamar mai ɗauke da tulu biyu. Ƙarfe shida da minti ashirin ke nan.

Kilomita takwas na farko daɗi kawai. Dama kogi, hagu alkama kore shar, ƙasa ta daddale kamar daɓen ɗaki. Har na fara yabon kaina a zuci. Ashe na yi babban kuskure: da kaka na taɓa bin hanyar nan, na manta yanzu tsakiyar noman rani ne, kowace gona da injin ban ruwanta. Muna wuce wani shingen kaba sai wani manomi ya finciki igiyar injinsa daidai bayanmu. Modu ya saki kan keke, ya dira, ya durƙusa a gefen hanya ya riƙe kai.

Manomin ya kashe injin ya rugo yana salati. Da na yi masa bayani, sai ya tsuguna gaban Modu ya ce, "Baba, wannan ai ɗaure yake da tiyo, ko ya so bin ka ba shi da ƙafa. Taso ka tayar da shi da hannunka." Da ƙyar Modu ya tashi. Ya ja igiyar sau uku, inji ya kama, ruwa ya feso ya jiƙe mini wando har gwiwa. Wannan ce dariyarsa ta farko a tafiyar, kuma a kaina aka yi ta. Kafin mu tsaya sallar Juma'a a wani ƙauye mun wuce injuna fiye da yadda zan iya tunawa, na ƙarshe har yana ɗaga wa masu su hannu.

Mun shiga yankin Baturiya ƙarfe biyar da rabi, mitar kekena ta nuna kilomita hamsin da ɗaya. Ma'aikatan gandun daji biyu suka tsayar da mu.

"Bindiga ko tarko?"

"Famfo da faci," na ce. Suka leƙa jakunkunan, suka yi mana fatan alheri.

Mun sauka a gidan Baba Maina, tsohon masuncin da Modu ya fi sayen banda a hannunsa. Da ya gane mai sallamar, tsohon nan ya taso ba takalmi yana "Lale, lale, Modu ne a kan keke?" Aka kawo burabusko da miyar kifi, na ci har na ji kunyar kaina.

Asabar: Baturiya zuwa Birniwa

Mun fito ƙarfe shida. Muka tarar an riga an ɗaure kwalin banda a kariyar keken Modu, an ja roba an tamke. Modu ya ce, "Baba, ni fa yawo na fito, ba fatauci ba." Baba Maina ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Keken nan bai taɓa barin gidana wofi ba, ba kuma yau zai fara ba. Gobe kasuwa. Ka kai, ka dawo ka ba ni labari." Na so in sa baki, na ga ba wurina ba ne.

Safiyar nan ita ce mafi kyau a duk tafiyar. Hanya ta ratsa tsakanin goruba da bagaruwa, tafkuna cike da agwagin ruwa, in sun tashi sai ka ji fukafukansu kamar ana kakkaɓe tabarmi. Awa biyu ba mu ji ƙarar komai ba sai sarƙar kekunanmu. Da kayan a bayansa Modu ya daina karkata. Ashe nauyin ne jikinsa ya saba da shi.

Ƙarfe tara muka iso mashigi. Ciyawar kacalla ta cinye rabin ruwan, mai fito yana bi ta wata 'yar siririyar kafa da aka sare da lauje. Ya karɓi ɗari biyar-biyar har da kekuna. Ni na ƙanƙame gefen kwalekwale ina karanto duk addu'ar da na sani, Modu kuwa ya rungume kwalin kifi kada ruwa ya taɓa shi.

Daga ƙetare muka hau burtali, hanyar shanu, kuma a nan na gane kurena. Shanu sun taka laka da kaka, ta bushe da sawunsu, keke na tsalle haƙora na haɗuwa. Ƙaya ta huda mini taya sau biyu cikin kilomita huɗu. Muna facin na biyu a gindin aduwa sai ga wani dattijon Bafillace da garkensa. Na je na tare shi muka gaisa. Yana ganin tsagar fuskar Modu ya washe baki, don kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

"Kai, Babarbare! Wa ya ba ka aron keke? Gara ka riƙa turawa, kada ka faɗi ka tsorata mini shanu."

"Bafillace, da kake bin saniya a ƙafa tun kakanka, me ka sani a keke?"

"Na san wanda mota ta kora daga kwalta ya dawo hanyar shanuna."

Ni ne na yi suɓul da baka na ba shi labarin tun farkon gaisuwa. Wata goma sha huɗu duk gidanmu lallaɓa Modu ake yi, ba mai ambaton mota a gabansa. Sai kawai Modu ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce, "Ka ci bashi, zan dawo in rama." Dattijon ya aika rugarsu aka kawo mana fura da nono, ya hana mu ko taɓa aljihu.

Mun isa gefen Birniwa ƙarfe biyar, kilomita arba'in da huɗu, rabinsu yashi. Muka kwana a gidan wani tsohon abokin karatuna. Cinyoyina kamar ba nawa ba.

Lahadi: Birniwa zuwa gida

Biyar da rabi muka kama gefen layin dogo muka nufi Malam Madori. Tsakuwa ce zalla, hanyar ƙafa siririya a gefenta, miƙe sambal. Wannan karon Modu ne a gaba, ni ina haki a baya ina roƙon ya rage. Ƙarfe goma da kwata muka tsaya wajen mai shayi a bakin garin, kilomita arba'in da shida. Na sha kofi biyu da burodi, na buɗe takardar da na zana hanya na nuna masa: za mu zagaya ta gonaki, kilomita talatin, mu shiga Haɗeja da la'asar. Alkawarina ya kusa cika, ina ta fankama.

Modu ya dubi takardar, ya dubi kwalin, ya dubi kwaltar da ta miƙe zuwa Haɗeja, wadda ba ta kai kilomita ashirin ba.

"Da la'asar? Bayan masu sari sun watse? Kifin Baba Maina zan kai wa ƙudaje?"

"Modu, ran kasuwa ce fa. Manyan motoci ne a hanyar nan."

"Na fi ka sani. Hau kekenka, Malam."

Na hau na bi shi. Ƙananan motoci biyu suka wuce, na ga kafaɗunsa sun ɗage, amma ƙafa ba ta tsaya ba. A kilomita na shida na jiyo ta: babbar mota shaƙe da buhuna, tana ƙugi tana danna ham. Idona na kan bayan Modu, ina jiran in ga ya saki kan keke. Iskarta ta buge mu. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni kwance a cikin ramin gefen hanya, keke a kaina, taya na juyawa a sama.

Da na ɗago, Modu ya ci birki can gaba, ƙafa ɗaya a ƙasa, kwalinsa daram. Gumi ya jiƙe masa riga, amma bakinsa har kunne.

"Haladu! In kana tsoron mota ka faɗa, in nemo maka hanyar shanu!"

Ban taɓa jin daɗin tsokana irin ta ranar nan ba. Ina kwance a ramin nake dariya, hawaye na zuba, kuma ba na zafin gwiwar da na goge ba ne.

Mun shiga kasuwar kifi sha biyu saura minti goma. Kafin ya kwance roba 'yan kasuwa sun kewaye shi, wannan ya ja hannu, wancan ya dafa kafaɗa. Wani dillalin kekuna da aka riga aka yi wa maganar ciniki ya matso yana latsa taya. Modu ya ture hannunsa ya ce, "Bari, Alhamis zan koma Baturiya."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa manomin da ya jiƙe mini wando, da Baba Maina, da mai fito, da dattijon burtali wanda ban ko tambayi sunansa ba. Ƙarfe ɗaya da rabi muka kawo kwanar lungun su Modu. Ya rage gudu, ya sa babban yatsa ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Daga cikin gida muka ji faɗuwar kwano, sai kuma guɗar Ya Falmata.