Tsawa, Mai Jitar Bes, Ya Kwanta Dama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, Allah ya karɓi ran babban yayanmu a ƙungiyar kiɗa, wanda muke kira Tsawa, bayan jinyar ciwon ƙoda.

Yaya, sunan nan na jitarka ne, ba na halinka ba. In ka taɓa igiyar bes, jitar nan mai kaurin sauti, sai tagogin ɗakin atisaye su yi ta kaɗawa, amma maganarka sai an matso ake ji. Ni ce ƙaramarku, ni ce mawaƙiyar da ta zo muku da danshol, kiɗan nan mai zafi da saurin baki, alhali ku kun saba da rege mai tafiyar hawainiya.

Da muka fara haɗa faifanmu na farko, saura ƙiris ƙungiyar ta dare gida biyu. Ni da mai ganga muna son a yi wuta-wuta, mai fiyano kuwa ya rantse ba zai bi tseren doki ba. Kowa ya ɗauki kayansa zai fita. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba. Ka zauna a kan tsohuwar sifikar da ke bakin ƙofa, ka tare hanya, ka soma kaɗa wani sauti mai nauyi, ka ce in hau kansa da duk saurin da nake so. Na hau, ya ɗauke ni. Mai fiyano ya ajiye jakarsa yana ƙunƙuni. Salon da ake yaba mana a yau, na murya tana gudu bes yana takawa sannu, a nan aka haife shi.

Ana tsakiyar aiki mai ganga ya faɗi a babur, hannunsa ya karye. Mai situdiyo ya ba da shawarar a sa na'ura ta buga gangar a wuce wurin. Ka ce tafiya da gwani ake yi, za mu jira shi. Muka jira watanni. Kai kaɗai ka san abin da likita ya faɗa maka, ka kuma san jiran nan daga kwanakinka ake yankarsa. Waƙoƙin ƙarshe a zaune ka kaɗa su, ƙafafu a kumbure, kana yi mana ba'a wai girma ne ya zo.

Na kai maka faifan asibiti da aka kammala. Ka saurara ido a rufe, yatsunka suna motsi a kan bargo. Da ya ƙare na zaci yabo zan ji.

"Ƙanwata, na yi yawa a ciki," ka ce. "Ku rage ni, a ji muryarki."

Sai na fashe da kuka. Ka yafe mana, Yaya, ba mu rage ka ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da Anti matarka wadda ta yi ta ɗawainiya da mu kamar ƙannenta, da 'ya'yanka mata, da duk abokan kiɗa. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya sa haƙurin da ka yi da mutane ya zame maka inuwa a ranar da babu wata inuwa sai tasa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.