Turmin Gidan Baba Lasau

Ranar da Baba Lasau ya rasa haƙorinsa na gaba ina wurin, a bencin tela. Ya zaro wani dutse mai ruwan ɗorawa daga aljihu, ya ce zinariya ce, in an cije ta lotsawa take yi. Ya cija. Muka ji ƙaras! Tela ya tsayar da keke, muka shiga laluben haƙori cikin ƙyallaye.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Baba Lasau, gajeruwa kuma, shi ya sa da wuya a sauke tukunya a gidansa ban leƙa gaisuwa ba. Da can haƙar rijiya yake yi. Da gwiwa ta gaza, ya koma bin tsaunuka da guduma da buhu. Duk dutsen da bai gane ba sai ya lasa, ya goga shi a gindin kofin shayi ya ga launin da zai bari, ya kara masa maganaɗisun tsohuwar rediyo. A lasar nan ya samo sunansa. Inna, matarsa, takan ce mutum ta aura, ta wayi gari da sa mai lasar kanwa.

Bara ya dawo da wani dutse mai nauyin tsiya, toka-toka, yana ƙyalli. Lasa ba ta gaya masa komai ba, maganaɗisu ma ya ƙi kama shi. Sai ya faki idon Inna ya daka shi a turminta na barkono, ya tace garin a kwano, ya watsar da ruwan a tsakar gida. Ya ɗauraye turmi, ya yi gum.

Ba a jima ba akuyarsu, wadda ta lashe wurin, ta fara tangaɗi tana karo da bango, bakinta na kumfa. Kafin a nemo wuƙa ta mutu.

Baba Lasau ya ja ni wurin mai gyaran batir na bakin titi. Mai batir ya ɗora ɓarin dutsen a garwashi ya yi ta hurawa, sai ga wani ɗigo yana sheƙi.

"Baba, dalma ce, irin ta cikin batir. Guba ce fa. A ina ka fasa shi?"

Baba Lasau ya juya ya nufi gida. Akwai jikarsa a gidan, wadda yake kira Amarya. Ba ta daɗe da fara tafiya ba, a gindin turmin nan take yini, kuma ta gado shi, komai ta tsinta sai baki. Kwanakin nan ta ƙi abinci, sai kuka tana riƙe ciki.

Ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu haka ba. A asibiti aka ɗebi jininta aka ce mu jira. Ga benci, amma a ƙasa ya zauna. Inna ta goya yarinyar tana kai da kawowa, ko kallonsa ba ta yi. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Duk ma'aikaciyar da ta gifta sai ya miƙe.

Can likita ya kira su. Ya ce gubar ta shiga jininta, amma an zo da wuri. Za a ba ta magani, a yar da turmin, a kankare ƙasar tsakar gida.

Da muka fito tsokanata ta motsa. Na ce, "To Baba Lasau, haƙori ya tafi, akuya ta bi shi. Saura harshen, ko mu kai shi ajiya?"

Ya dube ni ta giɓin nan nasa.

"Likita ya ce duk wanda ya ci miyar da aka daka barkononta a turmin nan sai an ɗebi jininsa. Ni kwano ɗaya nake ci. Kai mai zuwa gaisuwa, koma ka naɗe hannun riga, naka sai an kawo bokiti."