Ɗigon da Ya Ɗauki Inna Zuwa Gabas

Kakanmu ya baro ƙasar Katsina da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a bakin kogin Shari don ya huta, hutun da har yau muke cikinsa. Shi ya sa da Inna, 'yarsa ta fari, ta hau jirgin alhazai, muka ce yau za a ƙarasa tafiyar.

Da muka dawo daga rakiya, muka zauna a gindin darbejiyar gidanmu a unguwar Sabangali, ni da ƙanena mai gyaran na'urorin radar a filin jirgi. Ya buɗe taswira a wayarsa, ya nuna min wani ɗigo yana rarrafe zuwa gabas.

"Ga Inna nan, Yaya."

Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a lekol, wato makarantar boko, amma ban taɓa duban taswira da uwata a ciki ba. Shayina ya huce ina kallo. Can sama da hamada ɗigon ya dushe, ya ɓace.

"Kai, ina jirgin?"

"Kwantar da hankalinka, Mushe," in ji shi. Haka 'yan lekol ke kiran malami da Faransanci, shi ma haka yake kirana in zai tsokane ni. "Ba jirgin ne ya ɓace ba, idon da ke kallonsa ne ya kai iyakarsa."

Ya ce a wurin aikinsu ma haka ne. Kowace radar da nisan da take gani. Ita na'urar da ke haɗa rahotonsu, in ta kama jirgi sai ta riƙe saurinsa da inda ya dosa. In ya kuɓuce mata ba ta yanke ƙauna nan take, sai ta ci gaba da matsar da shi inda ya kamata ya kai, har radar ta gaba ta hango wani abu a wurin, a gwada, a ce shi ne.

"In ta gaban ba ta hango ba fa?"

Ya hau ɗauraye kofunan da ba su da datti.

Sai na ɗora yatsa a inda ɗigon ya ɓace, ina jansa gabas a hankali. Ina cikin haka mahaifiyar kakanmu ta faɗo min a rai. Ita kam, da ɗanta ya wuce bayan gari, shi ke nan, babu wanda ya hango mata shi daga gaba. Ina jin haka ta riƙa matsar da shi a zuciyarta: bana ya kai Barno, baɗi ya haye Maliya. Wataƙila har ta rasu tana gaya wa maƙwabta ɗanta na Makka, alhali yana nan yana sayar da goro.

Ɗigon ya dawo, ɗan gaba da yatsana kaɗan. Ƙanena ya sauke numfashin da ya ɓoye min.

"Ka yi jinkiri, Mushe," ya ce. "Inna ta riga ka."