Jikata da Na Koya Wa Ihu

Ranar da aka yi wa ɗana kaciya a Dapaong, bai yi kuka ba. Wanzami ya goge askarsa yana dariya, ya ce wa maigidana, "Alhaji, wannan ai bijimi ka haifa!" Maigidana, Allah Ya jiƙansa, dillalin shanu ne, sai da ya kai labarin kasuwa. Aka yi ta yi mana barka.

Haka yaron ya tashi. Saniya ta taka shi, ya miƙe ya kaɗe riga. Yana ɗaukar garwashi da hannu samari na yi masa tafi. Ya girma, ya auri 'yar ƙanena, kamar yadda ni ma ɗan baffana na aura. Wata damina ƙaya ta shige tafin ƙafarsa a wajen kiwo, bai sani ba sai da wari ya tona. Kafin a kai shi asibiti ruɓa ta shiga jini, ya rasu. Ubansa bai daɗe ba ya bi shi. Har yau kukan shanu sa ni hawaye yake, ba na ɓoyewa.

Na dawo garinmu Sokodé da jaririyar da ɗana ya bari, tare da uwarta. Ranar da aka huda wa jaririyar kunne, wasa take da ɗankwalina. Mata suka rangaɗa guɗa: "'Yar ubanta! Jaruma!"

Na ce, "Ku rufa min baki. Wannan yabon shi ya cinye min ɗa."

Na goya ta sai asibiti. Likita ya gwada ta, ya ce, "Mama, akwai wani abin gado da ke sa jijiyoyin jin zafi su tsiro tun a ciki. Nata ba su tsiro ba. Ta wajen uwa da uba ta gaji matsalar."

"Magani fa, ɗana?"

"Babu. Sai idonki."

To, ido ina da shi. Kullum ina duba tafin ƙafarta, da harshe, da tsakanin yatsu. Ba ta fita ba takalmi, ba ta kusantar murhu. Maƙwabciya takan ce, "Iya, kin shagwaɓa yarinyar nan."

Amma ba zan dawwama ba, shi ya sa na koya mata: in ta ga jini, ta yi ihu ko ba ta ji komai ba. Da farko dariya take min.

Ranar kasuwar da ta wuce ta cire takalmi za ta yi alwala, ta taka fasasshiyar kwalba. Ina tsince shinkafa na ji, "Kaka! Jini! Jini!"

Na watsar da faifan na nufe ta da gwiwoyin nan nawa. Ina wanke ƙafar ina kuka, ina ce mata, "Ƙara ɗaga murya, uwata. Har maƙwabta su ji."