Waƙar Kuza da Na Roƙo Wurin Kakana

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru, ina karatun wasan kwaikwayo, wani malaminmu ya shigo aji da kaset ɗin bidiyo. Ya ce wata baƙuwa 'yar Koriya ce ta bar masa. Muka taru gaban wata tsohuwar talabijin da sai an mare ta take kawo hoto. Wasa ne, amma babu magana ko ɗaya, waƙa ce daga farko har ƙarshe. Mawaƙa sun yi sahu cikin fararen kaya suna ba da labarin zamanin da Japan ta mallake ƙasarsu, yadda aka kwashi samari zuwa ramukan haƙar ma'adinai, aka hana yara yarensu a makaranta. Malam ne ke fassara mana daga wata takarda. A ƙarshe waɗanda suka tsira suka riƙe hannun juna, waƙar ta yi sanyi kamar ana lallashin jariri. Da aka hasko 'yan kallo, sai ga tsofaffi suna share hawaye, ba mai jin kunyar wani.

Na fito ajin kaina ya ɗau zafi. Ni dama haka nake, in abu ya shige ni ba na jin kira. Na ce mu ma ai an yi mana, me zai hana mu rera namu? Ga ni ina waƙa a cocinmu na Sabon Gari, ga 'yan kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, a hannu. Labari kawai nake nema, kuma na san inda yake.

Kakana na wajen uba tsohon ma'aikacin reluwe ne, yana zaune a Sabon Gari tun kafin a haifi babana. Kowa a gida ya san cewa yana saurayi aka yi diban gwamna a ƙauyensu, aka kwashe su dole zuwa haƙar kuza a Jos, shi da ƙanensa, ya dawo shi kaɗai. Iyakar abin da muka sani ke nan. Ko babana bai taɓa jin ƙari a kai ba.

Na dinga yi masa sintiri, duk Asabar sai na hau bas daga Samaru da ƙosai a leda. Da ya hango ni sai ya ce, "Amarya, yau ma kin zo ki kashe tsohon mijinki da tambaya?"

Na ce, "Ango, ai gara ka faɗa kafin in sake ka."

Ya yi ta zillewa har wata biyu. Ranar da na ba shi labarin tsofaffin Koriya masu kuka, sai ya ce, "Sun yi kuka? A gaban mutane?" Na ce ƙwarai. Daga nan ya buɗe baki. Ya faɗi sanyin dutse da ke shiga ƙashi, da buhun da suke rufa da shi, da bulalar helima, wato shugaban leburori, Bature na tsaye yana kallo. Ya faɗi yadda tari ya kama ƙanensa, aka ce lalaci ne, aka zane shi yana ɗauke da kwanon ƙasa a ka. Sannan ya rera mini waƙar da suke yi in suna hawowa daga rami, da murya ƙasa-ƙasa: kuza, kin ci na gaba, ki bar na baya. Da na tambayi yadda ƙanen ya rasu da inda aka binne shi, sai ya ce, "Bari in ga abin da za ki yi da wannan tukuna. In na gani, sai in ba ki sauran."

Mun yi wata uku muna gwaji. Na raba waƙar murya huɗu, ta fito da kyau har matan ƙungiyar zumunta ta coci suna leƙowa ta taga. Kuskurena ɗaya ne, kuma ban gan shi ba sai da ya faɗo mini a ka. Su 'yan Koriya ba su sa azzalumi a dandali ba, murya kawai ake ji. Ni kuwa na ce sai an ga Bature da ido. Na manta cewa a wurinmu, tun muna yara, duk wasan da aka fito da Bature, to lokacin dariya ya zo. Na ba wani mai babbar murya a kwaya matsayin, mutumin da ko gaisuwa ya yi sai an dara. A wurin gwaji da kayan gida yake yi, ban ga komai ba.

Ranar Lahadi da la'asar ɗakin taron coci ya cika, har malamina ya zo daga Samaru don ya duba wasan, tunda shi ne aikina na kammala karatu. Kaka ya sa babbar rigarsa ta Kirsimeti, aka zaunar da shi a gaba. Farkon wasan ya tafi daidai, ɗaki tsit. Sai ga Bature ya fito, fuska fal da hoda, gajeren wando, doguwar safa, yana Hausa ta hanci. Ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya. Wanda ke wasan ƙanen Kaka ya ji ana dariya, shi ma ya biye. Duk bulalar da helima ya tsula masa sai ya yi tsalle ya dafe ɗuwawu. Wani ya ɗaga murya daga baya, "Oga, ƙara masa!" Mata suna riƙe ciki, wata har ta faɗo daga benci.

Na ɗaga hannu kwaya ta shiga waƙar kuza, amma rabin mawaƙan suna danne dariya, muryoyi suka watse. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Hodar Baturen ta fara zuba da gumi, ya sa hannu ya goge, rabin fuskarsa ta koma baƙa. Ni ma na tuntsire. Ban yi niyya ba, Allah ya sani, fitowa kawai ta yi. Da na juya, idon Kaka yana kaina.

Bai tashi ba. Ya zauna har aka kai waƙar warkewa da na rubuta don ƙarshe, wadda ba wanda ya saurara. Aka yi tafi kamar za a fasa kwanon rufi. Mutane suna ta yi mini barka, wai ba su taɓa shan dariya irin ta yau ba. Malam ya ba ni maki mai kyau, ya ce na san 'yan kallona. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na kasa zuwa gidan har mako biyu. Da na je, na durƙusa na ce, "Kaka, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Haƙurin me? Kin yi ƙoƙari, mutane sun ji daɗi."

Na ce, "Sauran labarin fa?"

Ya ce, "Na manta."

Bai manta ba. Mutumin da har ya mutu yana iya jero tashoshin jirgi daga Zariya zuwa Ikko ba tuntuɓe. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, ina zuwa, muna gaisawa, yana cin ƙosaina. Na sake tambaya sau biyu, na kawo masa babana ya roƙa, na yi kuka a gabansa, duk a banza. Har yau babu wani a zuriyarmu da ya san yadda yaron nan ya mutu ko inda ƙasusuwansa suke, kuma ni na jawo.

Tambayata ta ƙarshe yana kwance ne, jikin ya yi nauyi. Na ce ko sunan ramin kawai ya faɗa mini, in je in tsaya a wurin in yi addu'a. Ya daɗe yana kallona, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan.

Ya ce, "Bar shi ya kwanta. A can ma da ana dukansa an yi dariya. Sau biyu ya isa."