Kwaɗin kududdufin auta

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai aike ni sai ya ce "kai", in yana ba da labarina ya ce "wancan". Na san alkunya ce, haka kowane uba yake yi a Dudunni. Amma sanin bai hana ni jin zafi ba, musamman in na ji yadda sunan autanmu yake fita daga bakinsa sau goma kafin azahar.

Da idanun Baba suka mutu sai ya raba mana gona. Ni na samu tudu, inda gero da wake suke yi. Auta ya samu kwari, ɗan wuri ne da bai kai rabin nawa ba, sai dai akwai kududdufi a gindinsa da wata tsamiya. Kowa ya ce ni aka fifita. Ni kuwa na ga abin da ba su gani ba: tsohon ya bi kududdufin.

Baba mutum ne mai son kukan kwaɗi. Tun yana gani ba ya yarda a yi shuka sai sun yi kuka, ya ce ruwan da kwaɗo bai gaida ba ruwan yaudara ne. Da ya makance sai abin ya zama hirarsa. Duk ranar da aka yi ruwa, bayan la'asar auta zai kama hannunsa su gangara, ya shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiya. Ta gefen gonata suke wucewa. Ina duƙe da fartanya zan ji suna dariya, Baba yana rarrabe muryoyi, wai wannan burduddugi ne, wancan kuma ƙaramin nan mai tsiwa. Iyakar abin da nake samu shi ne, "Sannu da aiki, kai." Na yi kishin ƙanena, kuma ba na jin kunyar faɗa, har kwaɗin ma na yi kishinsu.

Shekarar da wakena ya yi kyau na ƙudura sai tsohon ya tsaya a gonata ya shafa shi da hannunsa. Na tafi kasuwar Kankiya na sayo injin feshi na goyo da kwalbar maganin ƙwari. Mai shagon ya nuna mini hoton kifi a jikin kwalbar, an ja masa layi, ya ce kada in kusanci ruwa da shi. Na ce na ji.

Da hantsi na gama feshin, da sauran magani a cikin injin, wajen kwano biyu. Rijiya tana da nisa, kududdufin auta kuwa ga shi nan ƙasa. Shekaru na yi ina gaya wa kaina gajiya ce ta kai ni. Ƙarya ne. Na tsaya a bakin ruwan, na tuna hoton kifin sarai, na tuntsurar da injin. Ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, na ɗauraye injin har sau uku na koma tudu.

Washegari auta ya hauro gonata da sassafe, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Yaya, zo ka gani. Ban san mi ya hwaɗa ma ruwan nan ba."

Na bi shi. Kwaɗi ne birjik a gefen ruwa, cikinsu a sama, fari fat. 'Ya'yansu masu wutsiya sun taru a wuri guda kamar ƙaiƙayi. Wani babba bai gama mutuwa ba, yana miƙa ƙafa ɗaya yana janyewa, fatarsa ta yi wani irin ja. Ko ƙudaje ba su sauka a kansu ba. Na ce wataƙila cuta ce ta shigo musu. Auta ya dube ni, ya dubi tudu. Muka kwashe su a kwando muka binne, ya roƙe ni kada in gaya wa Baba.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa mai ƙarfi. Auta ya yi ta kawo dalilai, Baba ya ce sai an kai shi. Na bar aikina na bi su a baya. Baba ya zauna a kan buzu, ya karkata kai yana jira. Ruwa yana ɗiga daga tsamiya, can nesa wata akuya tana kuka. Muka daɗe a haka.

"Ina suka tahi?" in ji shi.

Sai ya ɗaga hannu, ba wajen auta ba, wajen da ya ji numfashina.

"Kai, kama ni mu tahi gida."

Rabona da riƙe hannun Baba tun ina yaro. Ga shi yau a cikin nawa, mara nauyi, da ɗumi. Muka hau tudu, muka ratsa ta tsakiyar wakena, ganye yana shafar ƙafarsa. Ya ɗan tsaya, ya ja iska ta hanci, na ɗauka zai yi magana. Ya ci gaba da tafiya. Muka isa ƙofar gida. A zaure ya zare hannunsa a hankali, ya laluba bango.

"Wanda ya saida maka maganin bai hwaɗa maka ba?"

Na ce ya faɗa.

Ya gyaɗa kai ya shige ciki. Damina biyu ya ƙara a duniya, bai sake cewa a kai shi gona ba, tawa ko ta auta.