Gwanin sharhinmu na Auyo

Jiya na tsaya a Auyo da rigar kyauta a hannu.

Ni ke kula da guruf ɗinmu na intanet na barkwancin kimiyya a Haɗejia. Tun da na wallafa cewa kumfar da ake kira numfashin 'yan ruwa iskar ruɓaɓɓiyar ciyawa ce kawai, jama'a ke ta shigowa. Wani Ilu masunci ya fi kowa sharhi, kuma maganarsa ɗaya ce kullum: "Hhh, zo ka gani."

A al'adarmu, har gida ake kai wa gwanin sharhi kyauta. Ƙanen Ilu na tarar yana gyaran komar kamun kifi.

"Sannu da aiki. Malam Ilu na nan?"

Ya ajiye komar. "Yaya Ilu? Ai ruwa ya ci shi tun ambaliyar bara, da wayarsa a aljihu. Har yau ba a ga gawar ba."

Na lallashi kaina da cewa wani ne ya sace shafinsa.

Ɗazu da hantsi sabon sharhi ya shigo: "Hhh, ka zo jiya, amma ba ka ƙaraso bakin ruwa ba."

Masu bayanin komai, bismillah. Ni dai nawa ya ƙare.